Tulun da Ya Daina Gumi

A garin Almeriya, idan watan Agusta ya kama, ko kare ba ya yarda ya taka kwalta da tsakar rana. To a irin wannan bazarar ce Gines ya ga ya dace mahaifiyarsa ta koma ɗakin da ke kan rufin benensu.

Gador sunanta. Ta haura tamanin, gwiwoyinta sun daɗe da daina yi mata biyayya. Gidanta na unguwar Chanca a jikin dutse aka fafe shi tun zamanin kakan mijinta, gida ne da bai san zafi ba, ko gari na tafasa sai mutum ya ja mayafi da asuba. Wannan sanyin ne ya ja mata. Gines da matarsa Noelia suka shafe gidan da farar ƙasa, suka ɗauki hotunansa suka sa a intanet, baƙi masu yawon buɗe ido suka fara layin kwana a ciki.

"Na bazara ne kawai, Mama," in ji Gines ranar da yake hawa da ita, yana riƙe da ƙugunta, wani maƙwabci na biye da kujerarta. "Da zafi ya sauka za ki koma ɗakinki."

"Da zafi ya sauka me zan yi da ɗaki mai sanyi, ɗan nan?"

Ya yi dariya, ya ce Mama ba ta rabo da barkwanci. Ita kuwa ba wasa take ba.

Benen hawa huɗu ne, ba shi da na'urar hawa. Gines da iyalinsa suna hawa na huɗu, ita kuma an ƙara mata matakala guda zuwa rufi, inda ake shanya. Ɗakin nata da can ma'ajiyar tarkace ne. An sa mata gado, da ƙaramin firji, da fanka, da hoton Budurwa Maryamu a bango, aka ce ai ga shi ya zama kamar otal. Rana na fitowa daga teku kansa take fara sauka, kuma ba ta barinsa sai ta faɗi bayan duwatsu. Gador ta san dokar da kowace tsohuwa a garin ta sani: a sauke labulen katako tun da safe, a zauna cikin duhu, kada a motsa. Ta yi duk wannan. Amma rufin siminti ne siriri, kafin azahar idan ta ɗaga hannu sai ta ji zafin na sauko mata kamar an buɗe murfin tukunya.

Da rana tana lallaɓawa ta sauka matakalar nan guda ta ci abinci tare da su. A nan na'urar sanyaya ɗaki ke hurawa, jikokinta biyu na kwance kan kujera da wayoyinsu har da lulluɓa. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da kicin wanda ba kowa a ciki sai zannuwan gado da tawul na baƙi, an jera su fes. Ranar da ta kasa haƙuri ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Noelia, 'yata, ko katifa ce a shimfiɗa mini a nan, zuwa ƙarshen wata."

"Haba Kaka, ina zan kai kayan baƙi? In na kai su sama ƙura za su yi." Noelia ta ci gaba da ninke tawul. "Kuma ba ke ce kika ce iskar na'ura na sa miki ciwon wuya ba? Likita ma ya ce tsofaffi ba sa jin zafi kamar mu."

Ta taɓa faɗar maganar ciwon wuyan, gaskiya ne, a wani bikin aure shekaru da suka wuce. Abin mamaki, duk maganganun da ta yi a gidan nan wannan ce kaɗai aka adana.

Abin da ya fi ci mata rai ba ma zafin ba ne. A Chanca, rana na faɗuwa kowa zai jawo kujerarsa ƙofar gida a sha iska, a yi gulmar duniya har jiki ya huce. Tun tana amarya kujerarta na gefen ta Virtudes, maƙwabciyarta mai baki kamar reza. Yanzu idan magariba ta yi sai Gador ta ja kujerar zuwa bakin ƙofar ɗakinta, ta zauna tana kallon igiyoyin shanya da eriyoyin talabijin. Ba mai wucewa, ba mai cewa sannu. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, har takan tsinci kanta tana yi wa tantabaru magana.

A wannan lokacin ne Virtudes ke kiranta a waya.

"Ke tsohuwar banza, kina raye?"

"Ina nan, sai na binne ki tukuna."

"Yau wasu dogaye jajaye ne a gidanki. Namijin ya fito ba riga, wallahi kamar an yanka kankana. Ya ce mini wai gidan na da sanyi kamar coci. Na ce masa mai gidan ma tana can sama kusa da Allah."

Gador ta yi dariya har da tari. Sai Virtudes ta rage murya.

"Kina shan ruwa dai?"

"Ina sha."

Ƙarya take. Ruwan firji na kashe mata haƙora, ruwan roba kuma idan ya ɗan zauna a ɗakin sai ya koma kamar romo, maƙogwaronta ya ƙi karɓa. Ita tun tasowarta ruwan tulu ta sani. Tulunta na farar laka, mai hannu a ka da ɗan bututu, wanda uwarta ta ba ta ranar aure. A cika shi, a ɗora kan faranti a inuwa inda iska ke bi, ya yi ta tsattsafo da gumi ta jikinsa, ruwan ciki ya yi sanyin da ba ya cizo. A ɗaga shi sama a bar ruwan ya zubo cikin baki ba tare da leɓe ya taɓa ba. An bar shi a gidan Chanca, wai baƙi na son irin waɗannan tsofaffin kaya.

Ta roƙi Gines ya kawo mata. Ya ce to. Ta sake roƙo, ya ce ya manta. Ta sake, ya ce, "Mama, ga firji a ɗakinki, wa ke shan ruwan tulu a zamanin nan?" Sai ana jibi za su tafi hutun tsakiyar Agusta a bakin teku, Noelia ta hau rufin da kanta, tana haki, tana murmushi, da abu a cikin jaka.

"Rufe ido, Kaka. To buɗe!"

Tulun ne. Amma an shafe shi da shuɗin fenti tun daga hannu har gindi, an bi shi da man ƙyalli, an zana masa rana ruwan ɗorawa a ciki, da idanu da baki tana dariya.

Gador ta karɓe shi ta ɗora a cinya. Ta shafa shi, santsi kamar gilashi.

"Wa ya yi masa haka?"

"Ni mana. Duk ya yi dabbare-dabbare, yana jiƙa mini tebur, baƙi suna tsammani ya fashe. Yanzu ko ɗigo ba ya zubarwa."

"Ai kin toshe shi, 'yata. Ba zai yi gumi ba."

"To ba shi ke nan ba? Wa ke son abu mai gumi?"

Gador ta ɗaga ido ta dubi ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa yana fifita da hularsa. Noelia a gidan firji ta tashi, ba ta sani ba, a yi mata uzuri. Amma Gines da wannan tulun aka yaye shi. Shi ne yaron da ke dawowa daga ƙwallo ya ɗaga shi da hannu biyu ruwa na bin wuyansa. Ya sani sarai. Ya kawar da kai ya ce, "Ya yi kyau ai, Mama. Ki ce mata an gode."

Ta ce an gode.

Ranar tafiya suka hau da ledoji: burodi, kifin gwangwani, tumatir, robobin ruwa. Gines ya sumbace ta a goshi.

"Za mu kulle ƙofar sashenmu na ƙasa, Mama. Kin san ranar nan kin bar gas a kunne."

"Sau ɗaya ne, kuma ba ni ba ce, 'yarka ce."

"To ko ma wa ne. Hankalina zai fi kwanciya. Ga waya nan, ko me ya faru ki kira."

"Ku tafi da ni mana. Ko a baranda zan kwana."

"Motar ta cika, kuma yashi ba ya yi wa gwiwarki daɗi. Kwana nawa ne duka?"

Ta ji saukarsu, ta ji muryoyin yara na raguwa hawa bayan hawa, ta ji ƙofar titi ta rufe. Duk benen ya yi tsit, domin duk mai hali ya gudu bakin ruwa.

Washegari iskar gabas ta taso. 'Yan garin sun san ta: ba ta kawo sauƙi, sai dai ta kwaso zafin hamadar da ke bayan gari ta juye wa mutane a ka. Fanka ta koma hura wuta. Famfon rufi, da bututunsa ke kwance a rana, ruwansa har yana ƙona hannu. Ƙaramin firjin ya yi ta gurnani, ya yi ta gurnani, can da la'asar ya yi wata 'yar shaƙuwa ya yi shiru. Ta kira Gines. Tana jin ihun yara da ƙarar teku a bayansa.

"Firjin ya mutu, ɗan nan."

"Ki cire shi daga wuta ki mayar."

"Na yi."

"To yanzu hutu ake, Mama, ba mai gyaran da zai ɗaga waya. Litinin zan shigo gari karɓar sababbin baƙi, sai in duba. Ki sha ruwa da yawa, kin ji? A talabijin ma sun ce tsofaffi su riƙa shan ruwa."

Ta cika tulun duk da haka, ko Allah zai sa. Ta ɗora shi a faranti a inda iska ke bi, ta jira. Farantin ya zauna a bushe. Da ta ɗaga ta kurɓa, ruwan ya fi na roba ɗumi, ga warin fenti. Ta amayar da ɗan abin da ta ci.

Nan ta ɗauko cokali ta fara kankara.

Fentin ya kama da gaske, Noelia ba ta yin aiki rabi. Cokali ya lanƙwashe, ta koma wuƙar burodi. Inda wuƙa ta ɗaga, sai ta goga wurin a bakin dakalin siminti a hankali, kada ya fashe. Da sassafe take yi da kuma bayan faɗuwar rana, tsakanin nan sai kwanciya da jiƙaƙƙen tawul a goshi, tawul ɗin da ke bushewa kafin ta gama addu'a guda. Ƙurar shuɗi ta shiga ƙarƙashin farcenta, ta manne a zaninta. Ta fara da ranar nan mai dariya, ita ta fi ba ta haushi.

Wata azahar da numfashi ya gagare ta, ta ce bari ta gwada sauka titi. Ta bi matakala da zama, tana jan jiki, har ƙofar ɗanta. Ta murɗa hannun ƙofar duk da ta san a kulle take. Ta leƙa ramin matakala, hawa huɗu suna juyawa ƙasa, kanta ya juya tare da su. Ta san idan ta fara ba za ta kai ba. Sai ta kwanta a nan bakin ƙofar, kuncinta a kan tayil, wanda yake da ɗan sanyi-sanyi. Ta ji daɗinsa har ta fara gyangyaɗi. Amma tunani ya zo mata: idan wani maƙwabci ya dawo ya tarar da uwar Gines kwance a ƙofarsa kamar kyanwa, me za a ce da ɗanta a unguwa? Ta tattara ƙarfinta ta rarrafa ta koma sama.

Da magariba Virtudes ta kira.

"Muryarki ta canza. Me kika ci?"

"Na ci kifi."

"Wa ke tare da ke?"

"Suna nan, sun ɗan fita."

"Ƙarya kike, Gador. 'Yar ƙanwata ta ga hotonsu a waya, suna cin shinkafa da jatan lande a bakin teku. Ni da ƙafafun nan ba zan iya hawa wurinki ba, amma yanzun nan zan kira motar asibiti su sauko da ke."

"Kada ki kuskura!" Gador ta yunƙura ta zauna. "Su zo da jiniya, duk titi a fito kallo, a ce Gines ya kulle uwarsa a rufi? Yaron nan da mutane yake aiki."

"To ba kulle ki ya yi ba?"

"Gas nake mantawa."

"Ke da ko ashana ba ki taɓa mantawa ba! Tsohuwar banza, za ki kashe kanki saboda kunyar wani."

"Litinin zai zo. Na rantse miki da Budurwa, idan na ji ba daidai ba ni da kaina zan kira ki. Ke dai ki ajiye mini wurina, kada ki bar mai kankana ya zauna."

Virtudes ta yi tsaki, ta ce to. Wannan "to" ɗin har yau ba ta yafe wa kanta ba.

Ranar Lahadi Gador ta tashi da ciwon kai mai sara. Ƙararrawar coci ta riƙa zuwa mata kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ta jawo tulun. Gefe guda ya fito fari tas, har ana ganin tabon da ya yi tun shekarar da aka haifi Gines, ɗaya gefen kuma da sauran shuɗi, hannunta ya ƙi ci gaba. Ta ce wannan ma ya isa. Ta ɗauraye shi, ta cika shi da ruwan roba. Ta ɗora shi a faranti a bakin ƙofa, ta juya farin gefen wajen iska, ta zauna a kujerarta tana kallonsa.

An daɗe ba abin da ya faru. Can sai farar lakar ta fara yin duhu, kaɗan-kaɗan, kamar fuskar mai jin kunya. Ta miƙa yatsa ta taɓa. Danshi.

"Yauwa, ɗan albarka," ta ce da shi. "Ka ga ka tuna."

Murna ta kama ta irin wadda ta manta da ita. Ta kai yatsan goshinta don ta shafa danshin, sai ta ji goshin a bushe ƙamas, da zafi kamar dutsen guga. Ta taɓa wuyanta, ta taɓa hammatarta. Ko ɗigo. Ta yi mamaki, ta ce ashe zafin ya fara sauka ke nan, tunda ta daina gumi. Ƙishin ma ya tafi. Ta tuna ta yi wa Virtudes alkawarin kira, amma wayar na kan gado, gadon kuma ya yi nisa. Bari dai ruwan ya ƙara sanyi. Uwarta ta sha faɗa mata kada a yi wa tulu gaggawa. Idan ya yi, za ta ɗaga shi sama ta sha har ya bi wuyanta, sannan ta kira tsohuwar nan ta ba ta labari. Ta jingina kai da ƙofa tana jira.

Da magariba wayar ta yi ta ƙara a kan gado. Da ba a ɗaga ba, Virtudes ta kira Gines, ya ce ai Mama ta saba barin waya a ƙarƙashin matashi, gobe da safe yana tafe.

Bai iso ba sai bayan azahar, domin ya fara biyawa ta Chanca ya miƙa wa baƙi mabuɗi. Ya hau benen yana zagin wanda ya gina shi, rigarsa sharkaf, harshensa kamar tsumma. Da ya fito rufi ya hango ta zaune a kujera a bakin ƙofa, kanta a jingine, ga tulu a gabanta cikin faranti mai ɗan ruwa kwance. Bai yi tunani ba. Hannunsa ne ya tuna. Ya sunkuya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya ɗaga sama, ruwa ya zubo masa a baki, ya bi haɓarsa, ya gangara wuyansa. Ya sha, ya sha, ya sauke ajiyar zuciya.

"Kai, Mama! Ruwan nan ya yi sanyi."

Sai a lokacin ya lura da nauyin tulun. A cike ya same shi, ba wanda ya taɓa shi kafin shi. Ya dubi hannuwanta da ke kan cinya, farcen duk shuɗi.

A wurin jana'iza kowa ya kama sunan zafi. Zafin bana ba a taɓa ganin irinsa ba. Zafi ya kwashi tsofaffi da yawa, har a labarai an faɗa. Noelia na kuka da gaske, tana gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa sun bar wa Gador ruwa, sun bar mata abinci, sun bar mata fanka, har tulunta ta kai mata da hannunta. Kuma duk gaskiya ne, abin da ya fi ban takaici ke nan. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta. Zannuwan gado dai sun kwana a ɗaki mai sanyi, ba su yi ƙura ba.

Virtudes ta zo a kan sandarta, ta ƙi zama. Gines ya taso ya kama hannunta, idanunsa jajur.

"Inna Virtudes, zafi ne. Likita ya ce zafi ne."

Ta zare hannunta a hankali. Ta dube shi tun daga sama har ƙasa, yaron da ta goya a bayanta lokacin da uwarsa ke wanki.

"Na ji, Gines. Mu ma a Chanca an yi zafin, ga ni tsaye." Ta gyara riƙon sandarta. "Ka gaya mini abu ɗaya kawai. Zafin ne ya kulle ƙofar, ya tafi da mabuɗin?"